Tarwaɗa, Toka da Gamalin

A ƙasar Gwiwa, su sana'ar 'yan watanni ce a da. Ba mu da fadama irin ta Haɗeja. Damina ta cika tafki da rafi, kaka ta wuce, ruwa ya fara janyewa, sai a shiga da koma. Tarwaɗa ce ke jure wa ragowar ruwan, domin tana iya shaƙar iska ko da taɓo ya kusa bushewa. A wannan ruwa mai ɗumi, inda kifi ya cunkushe, ƙwari suka fi samun jikinta: matsattsaku, da ƙwarƙwatar kifi da masana ke kira Argulus, da wasu ƙanana da ido ba ya gani, irin su Trichodina.

Kakata ba ta taɓa jin waɗannan sunaye ba. Abin da ta sani shi ne toka. Za ta murje tarwaɗa da ita har yauƙin ya fita, ta ɗauraye da ruwan zafi, ta zubar da kayan ciki, sannan tukunya ko banda. Duk abin da ke manne a fata nan yake ƙarewa. Dama waɗannan ƙwari na kifi ne, ba sa rayuwa a jikin mutum. Masu cutar da mu su ne tsutsotsin cikin tsoka, su ma sai an ci kifin ɗanye ko bai dahu sosai ba, kamar yadda aka sha ciro tsutsar Clinostomum daga maƙogwaron mutane a Japan da Koriya. Bahaushe kuwa bai taɓa ɗaukar ɗanyen kifi abinci ba.

Sauyi ya zo da madatsun ruwan zamanin Gwamna Audu Baƙo, 1967 zuwa 1975, lokacin muna cikin Jihar Kano, kafin a yanke Jigawa a 1991. An gama madatsar Tiga a 1974. Kifi ya samu rani da damina, ya zama kuɗi, gaggawa ta shigo. Masuntan da ma suna da magimfa da ake dakawa a zuba a ruwa, amma wasu suka koma Gamalin 20, maganin ƙwarin gona. Sinadarinsa, lindane, a kitse yake taruwa, kuma a 2009 Yarjejeniyar Stockholm ta sa shi cikin haramtattu. Sai kuma 'yan kasuwa marasa tsoron Allah masu fesa wa banda maganin ƙwari na Sniper don kada ƙwaro ya cinye, har hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi barkatai a 2019.

Ni dai a ganina mun tsorata da abin da bai kai ba. Matsattsaku a jikin tarwaɗa ƙyama ce kawai, toka da wuta sun ishe shi. Guba kuwa tafasa ba ta ba da tabbaci a kanta. Don haka, mai karatu, in ka je sayen banda a kasuwar Kazaure ko ta Babura, ka sansana, ka tambayi inda aka kamo, kuma wadda ka ga ko ƙuda ba ya sauka a kanta, ka bar wa mai ita.