"Ni Ɗan Jam'iyya Ne Tun Haihuwa, Amma...": Tarihin Wata Magana da Ke Dawowa Duk Zaɓe

Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a filinmu na tarihi, saboda wanda yake daji ko kan hanya bai samu ya saurara ba.

Akwai maganar da kunnenku ya saba da ita duk lokacin da zaɓe ya matso. Mutum ya bugo waya gidan rediyo, ko ya ɗaga murya a teburin mai shayi, ya ce: "Ni fa ɗan jam'iyya kaza ne tun haihuwa, ubana ma cikinta ya rasu. Amma wannan karon, wallahi na waccan jam'iyyar zan yi." Nan take wuri ya rabu biyu. Wasu su ce an biya shi, wasu su ce ga mai gaskiya nan. To, tarihin ƙasashenmu biyu ya nuna akwai na gaske, akwai na haya, kuma akwai yadda ake rarrabe su.

Mu fara da "tun haihuwa" ɗin nan. A Najeriya an kafa NEPU a Kano a 1950, NPC ta zama jam'iyyar siyasa a 1951, soja suka rushe su duka a 1966. NPN da PRP sun zo a 1978, juyin mulkin ƙarshen 1983 ya tafi da su. SDP da NRC gwamnatin Babangida ce ta ƙirƙiro su a 1989, Abacha ya soke su a 1993. PDP ta 1998 ce, APC kuwa ta 2013. A Nijar ma haka abin yake. An haramta Sawaba a 1959, RDA ta faɗi da juyin mulkin 1974, MNSD ta zo a 1989, PNDS-Tarayya a 1990, CDS-Rahama a 1991, Lumana a 2009, sannan a watan Maris na 2025 aka rushe jam'iyyu gaba ɗaya. Kun ga ke nan, dattijo mai shekara sittin ya girmi kusan duk jam'iyyar da zai ambata.

To ƙarya yake yi? Ba dole ba. Sau da yawa abin da yake nufi shi ne gida. A Arewacin Najeriya, wanda ubansa ya sha ɗauri saboda NEPU, shi ya yi PRP mai mabuɗi, daga baya ya hau dokin SDP, a ransa layi ɗaya ya bi. Wanda gidansu na NPC ne yakan bi ta NPN zuwa NRC. Suna ne yake canzawa, mutanen su ne dai. Shi ya sa in manyan gida suka saɓa, kowane ɓangare sai ya ce shi ne ɗan halak.

Kano ta ga wannan tun da wuri. Bayan zaɓen 1979 PRP ta dare biyu: 'yan Taɓo suna tare da Malam Aminu Kano, 'yan Santsi suna tare da Gwamna Abubakar Rimi na Kano da Balarabe Musa na Kaduna. Kowa na cewa shi ne PRP ta ainihi. A 1983 Rimi ya ajiye kujera ya koma NPP, Sabo Bakin Zuwo na PRP ya kayar da shi. Wannan fita ce a fili, kowa ya san inda kowa yake.

Abin da ya fi shafar maganarmu shi ne na Disamba 1991. Kano ta SDP ce a lokacin, kusan kowa ya ɗauka kujerar gwamna tata ce. Sai rikicin fid da gwani ya raba jam'iyyar, ɓangaren Santsi na Rimi suka ga an yi musu ba daidai ba. Ba su fita daga SDP ba. Suka zauna ciki, suka mara wa Kabiru Gaya na NRC baya, ya zama gwamna. Ku tuna kuma zaɓen wancan lokaci ƙato bayan ƙato ne, layi ake yi a bayan hoton ɗan takara da rana tsaka. Duk ɗan SDP da ya tsaya a layin NRC, maƙwabcinsa na kallonsa, shugaban mazaɓarsa na kallonsa. Da aka zo zaɓen shugaban ƙasa na 12 ga Yuni 1993, Kanon nan dai ta ba Abiola na SDP rinjaye a kan Bashir Tofa na NRC, wanda ɗan Kano ne. Mutanen da suka ce suna nan a SDP, ashe suna nan ɗin.

A Nijar tsarin zagaye biyu ya sa abin ya ɗauki wata kama. In ɗan takararka ya faɗi a zagayen farko, shugaban jam'iyya ne zai fito ya ce ku zaɓi wane. A 1993 Tanja Mamadu na MNSD ne ya zo na ɗaya a zagayen farko, amma Mahamadu Isufu da sauran 'yan ƙawance suka bi Mahaman Usman na CDS, ya ci. A 1994 Isufu ya ajiye muƙamin firaminista, Tarayya ta haɗa kai da MNSD. A 1999 kuma Usman ya goyi bayan Tanja a kan Isufu. Cikin shekara shida, ɗan CDS na Damagaram an ce masa Tanja abokin hamayya ne, an dawo an ce masa Tanja ne namu. In ya bi umarni, ya zaɓi wanda ya yaƙa jiya. In ya ƙi, an ce ya ci amanar jam'iyya. Ku gaya mini, wane ne mai biyayyar a cikinsu?

A zagaye na biyu na Maris 2011 tambayar ta fasa CDS-Rahama kanta. Mahaman Usman ya ce a bi Seini Umaru na MNSD. Mataimakinsa Abdu Labo, mutumin jihar Maraɗi, ya bi Isufu tare da magoya bayansa, yana mai cewa shi ɗan CDS ne bai je ko'ina ba. Isufu ya ci, Labo ya zama ministan cikin gida. Rigimar ta yi shekaru a kotu, daga ƙarshe jam'iyyar ta koma hannun ɓangaren Labo. A zaɓen 2016, Usman, wanda ya jagoranci CDS tun kafuwarta, sai a ƙarƙashin MNRD-Hankuri ya tsaya.

Mu sake tsallaka iyaka, a wannan shekara ta 2011 dai. Ran 16 ga Afrilu Buhari na CPC ya ci jihohi 12 na Arewa a zaɓen shugaban ƙasa, ciki har da Katsina da Kano da Jigawa. Bayan kwana goma aka yi na gwamnoni, sai ga PDP ta ci ukun duka: Shema a Katsina, Kwankwaso a Kano, Sule Lamiɗo a Jigawa. Wannan shi ake kira wake da shinkafa, kishiyar "sak". Haka ya sake faruwa a 2023. Ran 25 ga Fabrairu Atiku na PDP ya zo na ɗaya a Katsina da Sakkwato da Kabi da Yobe, duk jihohin bakin iyaka. A zaɓen gwamnoni da ya biyo baya APC ta ci kujerar gwamna a huɗun. A Zamfara aka yi akasin haka: Tinubu ya ci a sama, Dauda Lawal na PDP ya ci gwamna. Gaskiya ne ba duk wanda ya fito ranar farko ne ya fito ta biyu ba, akwai kuma ƙorafe-ƙorafe da aka kai kotu. Duk da haka, irin wannan juyi cikin mako uku ba ya yiwuwa sai da ɗimbin mutanen da suka dangwala wa jam'iyya biyu. Mafi yawansu ba su taɓa bugo waya rediyo ba. Sun yi abinsu shiru, sun koma kasuwa.

Manya kuwa ba sa yin nasu shiru. A zaɓen 2023 gwamnonin PDP biyar, Wike na Ribas, Makinde na Oyo, Ortom na Binuwai, Ikpeazu na Abiya da Ugwuanyi na Inugu, suka ƙi yi wa Atiku aiki. Hujjarsu ita ce ɗan takara da shugaban jam'iyya Iyorchia Ayu duk daga Arewa suke, sai Ayu ya sauka. Babu wanda ya yar da katinsa a cikinsu kafin zaɓe. Ortom, wanda makiyaya suka sani da dokar hana kiwon sake ta 2017, ya fito ya ce Peter Obi zai yi. Shi da Ikpeazu da Ugwuanyi duk sun faɗi takarar sanata. Wike kuwa a watan Agusta na shekarar ya zama ministan Abuja a gwamnatin APC, yana cewa shi ɗan PDP ne.

Me ya sa mutum zai zauna cikin gida alhali yana yi wa maƙwabci aiki? Ku da kuke shiga kara kun fi ni sani. In dillali ya yabi san da yake sayarwa, ba wanda zai motsa, aikinsa ke nan. Amma in wani ya matso ya ce, "Ni shekara talatin wurin Alhaji wane nake saye, yau dai dabbar wannan bawan Allah ta fi," sai ka ga masu saye sun juyo. Shaidar ɗan gida tana da tsada. Ranar da ya fita daga jam'iyya ya zama ɗan adawa kamar kowa, farashinsa ya faɗi. Da ɗan gari akan ci gari. Masu yaƙin neman zaɓe sun san haka sarai, shi ya sa kusa da zaɓe za ku ji muryoyi iri ɗaya suna zagaya tashoshi, kuna ganin saƙo iri ɗaya a WhatsApp da Facebook, kowa "tun haihuwa". Wasunsu sojojin baka ne da aka ba kuɗin kati.

To yaya za ku gane? Tambaya uku nake ba ku shawara ku riƙe.

Ta farko: wa ya san shi a jam'iyyar? Ɗan jam'iyya na gaske yana da mazaɓa, yana da rumfar da yake zaɓe, akwai waɗanda suka yi yawon kamfe da shi. Murya a waya ba ta da unguwa.

Ta biyu: me ya rasa, me ya samu? Wanda ya tsaya a layin Gaya a 1991 ya sayi gaba da maƙwabta. Wanda ya wayi gari da muƙami ko sabuwar mota, ba lallai a ce ƙarya ya yi ba, amma ku sa ribar a kan sikeli tare da maganar.

Ta uku: dalilinsa yana da suna? Mai dalili na gaske zai ce muku burtalin da aka nome, ko mashayar da aka killace, ko shingayen da ke tsakanin Jibiya da Katsina. Ɗan haya yabo kawai yake yi, da zagi.

Kuma ku ne kuka fi kowa dalilai masu suna. A watan Agusta 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. A Nuwamba aka hana kai man fetur garuruwan da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Sai Disamba 2020 aka buɗe Illela da Maigatari, Jibiya da Kamba kuwa sai Afrilu 2022. A 2023 aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yamai, har zuwa Maris 2024. Wanda albasarsa ta ruɓe a mota, ko garkensa ya maƙale a gefen da ba ciyawa, in ya shiga rumfar zaɓe da wannan a ransa, babu wanda ya isa ya kira shi maci amana. Ƙuri'a ba rantsuwa ba ce. Jam'iyyar da ta tabbata kuna aljihunta ko me ta yi, ba za ta zo rugarku ba sai ranar rabon atamfa da sabulu.

Abu ɗaya nake roƙo. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na 2011, rikicin da ya ɓarke a Arewacin Najeriya ya ci rayuka sama da 800 bisa ƙididdigar ƙungiyar Human Rights Watch, aka ƙona gidaje da shaguna, wasu saboda kawai an ce masu su 'yan jam'iyya kaza ne. Manyan da aka yi dominsu kuwa, da yawansu sun haɗu a jam'iyya ɗaya bayan shekara biyu. Zaɓen 2027 na tafe a Najeriya, kuma duk abin da ya taɓa kasuwar Illela sai an ji shi a Ƙonni, na Maigatari a ji shi a Magarya. In abokin cinikinku ya ce wannan karon ya sauya, ku yi masa tambayoyin nan uku cikin mutunci, ku saurari amsarsa, sannan ku ƙarasa cinikinku.

A shiri na gaba za mu ɗauko tarihin jangali, daga zamanin Turawa zuwa soke shi. Dattawan da suka biya shi da hannunsu, muna jiran kiranku. Allah ya kiyaye hanya, ya ba dabbobi lafiya, ya sa albarka a kasuwa.