Gwate

Gwate abinci ne mai ruwa-ruwa da ake dafawa da ganye da tsakin hatsi, wanda ya yi fice a Jos da sauran garuruwan Jihar Filato. Dangin faten tsaki ne na Kano da Zariya, sai dai a Filato an fi yin sa da acca, hatsin da Birom da makwabtansu suka daɗe suna nomawa. Wasu kan yi da tsakin masara.

Ana fara tafasa ƙashi ko nama da albasa da attarugu har romo ya yi ƙarfi, sannan a zuba acca ana juyawa don kada ta yi gudaji. Gauta kan shiga da wuri saboda taurinta. Ganye kuwa, wato alayyafo da yakuwa, sai an kusa saukewa, domin idan ya daɗe a wuta yakan yi baƙi ya saki jiki. Yakuwa ce ke ba shi tsami, kuma a nan ake gane gwanar girki. Wasu gidajen kan ƙara niƙaƙƙiyar gyaɗa.

Jos na kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma masu lambu na ban ruwa da rani daga tsofaffin kududdufan haƙar kuza, shi ya sa ganye ba ya yankewa a kasuwar Farin Gada.