Takardun Anton Bruckner: Abin da Ya Tsira da Abin da Ya Salwanta

 Tarihinmu na wannan mako na wani makaɗi ne ɗan ƙasar Ostiriya, Anton Bruckner, wanda ya rasu a Biyana, babban birnin ƙasar, ranar 11 ga Oktoba, 1896. Ba sai mutum ya taɓa jin kiɗansa ba kafin ya amfana da labarin, domin takardun da ya bari ne abin dubawarmu: yadda ya rubuta su, yadda ya tsara su, da hannayen da suka shiga cikinsu bayan ransa. Duk mai ajiye daftari a littafin rubutu ko a waya, tambayar da ta taso a kan takardun nan tana jiran nasa: in ba ka nan, maganar wa za a karanta a ƙarƙashin sunanka?

An haifi Bruckner ranar 4 ga Satumba, 1824, a ƙauyen Ansfelden. Mahaifinsa malamin makaranta ne, kuma a ƙauyukan Ostiriya na wancan zamani malamin makaranta shi ne yake kaɗa ogan a coci. Ogan wata babbar na'urar kiɗa ce mai bututu ɗaruruwa, wata ma dubbai, ana hura mata iska, makaɗi yana danna madannanta da yatsu da kuma ƙafafu. Da mahaifin ya rasu a 1837, aka kai yaron gidan ibada na St. Florian ya shiga cikin yara mawaƙa. Ya girma ya yi koyarwa a ƙauyuka, ya dawo St. Florian ya zama makaɗin ogan, daga nan ya koma babban cocin birnin Linz. A 1868 ya tare a Biyana, yana koyarwa a makarantar kiɗa, yana kuma kaɗa ogan a cocin fadar sarki.

A kan ogan ya fara yin suna. A 1869 ya yi wasa a Nancy da cocin Notre-Dame na Paris a Faransa, a 1871 kuma ya yi a Royal Albert Hall da Crystal Palace a Landan. Abin da ya fi burge masu sauraro shi ne ƙirƙirar nan take: a ba shi ɗan gajeren sauti, ya zauna ya gina dogon kiɗa a kansa ba tare da takarda a gabansa ba. To amma bai damu da rubuta irin wannan kiɗa ba. Abin da ya bari a rubuce na ogan 'yan gajerun abubuwa ne da ba su taka kara sun karya ba, kuma ba a ɗauki sautin wasansa a faifai ba. Gwanintar da ta kai shi ƙasashen waje ta tafi tare da shi, sai bayanan waɗanda suka halarta. Wannan ita ce asara ta farko a tarihin takardunsa, kuma babu wanda za a ɗora wa laifinta, tunda abin da ba a rubuta ba babu mai iya adana shi.

A wajen karatu kuwa, mutum ne mai rubuta komai. Yana da shekara talatin da 'yan kai, ya riga ya zama makaɗin da ake girmamawa, ya koma ɗalibi a hannun Simon Sechter daga 1855 zuwa 1861, yawanci ta hanyar aika darussa a wasiƙa. Daga nan ya ƙara shekara biyu a hannun Otto Kitzler. Littafin atisayen da ya yi wa Kitzler, mai shafi sama da 300, yana nan har yau, kuma ɗakin karatu na ƙasar Ostiriya ya saye shi a 2013. Yakan sa kwanan wata a kan daftarinsa, yakan ƙirga gaɓoɓin kiɗa ya rubuta lambobinsu a ƙasan shafi. Hatta addu'o'in da yake yi kullum yakan yi musu alama a ƙananan kalandun aljihunsa. Mutanen zamaninsa da yawa sun ɗauki wannan son ƙirga a matsayin wata lalura.

Babban aikinsa shi ne simfoni, wato dogon kiɗan da taron makaɗa masu kayan kiɗa iri-iri suke yi tare, galibi babi huɗu, wanda kan ɗauki awa guda ko fiye. Guda tara ya sa wa lamba. Akwai wata ta 1869 da ya cire daga lissafi, ya rubuta a jikinta cewa ba ta ƙirguwa, amma bai yaga ta ba, shi ya sa ake kaɗa ta a yau.

Karɓuwa ba ta zo masa da sauƙi ba. A Disambar 1877 ya jagoranci simfoninsa ta uku da kansa a Biyana, mutane suka riƙa ficewa, kafin a gama zauren ya kusa zama wayam. Sai da ya kai shekara sittin ya ɗanɗana nasara sosai, da simfoni ta bakwai, wadda aka fara kaɗawa a Leipzig a ƙarshen 1884, madugun makaɗa Hermann Levi kuma ya ɗaukaka ta a Munich a 1885. Da ya kammala ta takwas a 1887, Levi ya fara aika wa. Levi ya duba ya kasa gane kanta, ya ce ba zai iya gabatar da ita ba. Abin ya girgiza Bruckner ƙwarai. Ya ajiye sabuwar simfoni ta tara da ya soma, ya shiga gyaran ta takwas har zuwa 1890, ya kuma koma kan wasu tsofaffin ayyukansa yana sake musu zubi. Ta haka simfoni ta uku ta zamo tana da zubin 1873, da na 1877, da na 1889. Abin lura shi ne in ya sake zubi ba ya hallaka na baya gaba ɗaya.

A cikin wasiyyarsa ta 1893 ya yi wani abu da ya zama garkuwa ga aikinsa: ya ce a miƙa rubuce-rubucen hannunsa na manyan ayyukansa ga ɗakin karatu na fadar sarki, wanda shi ne ɗakin karatu na ƙasa a yau. Dalilin muhimmancin wannan zai fito in muka duba abin da almajiransa suka yi.

Almajiran nan, musamman 'yan uwa biyu Josef da Franz Schalk da kuma Ferdinand Löwe, masoyansa ne na gaskiya, su ne suka yi ta fafutukar a saurari malaminsu lokacin da masu sharhi suke yi masa ba'a. Sai dai a ganinsu kiɗan ya yi tsawo, ya yi kaushi, jama'a ba za su iya da shi ba sai an sassaƙe shi. A 1894 Franz Schalk ya gabatar da simfoni ta biyar a birnin Graz bayan ya yanke gaɓa 122 daga babin ƙarshe, ya sauya rabon kayan kiɗa, ya ƙaro makaɗan ƙaho. Bruckner yana kwance ba lafiya, bai halarta ba. Wannan zubin na Schalk shi aka buga a 1896, shi duniya ta sani kusan shekara arba'in. Haka Löwe ya yi wa ta tara: ya gabatar da ita a Fabrairun 1903 bayan ya tausasa wuraren da ya ga sun yi tsauri, aka buga ta da sunan Bruckner ba tare da an gaya wa kowa an taɓa ta ba.

Rubutun hannun da ke ajiye a ɗakin karatu shi ya tona asirin. Da masana suka fara kwatanta abin da aka buga da abin da marubucin ya rubuta, sai bambancin ya bayyana. Ranar 2 ga Afrilu, 1932, a Munich, madugu Siegmund von Hausegger ya kaɗa simfoni ta tara sau biyu a zama ɗaya, da farko zubin Löwe, sannan na asali, domin masu sauraro su yi hukunci da kunnensu. Daga ranar zubin Löwe ya fara ja da baya. A 1935 aka yi wa ta biyar irin wannan adalci, aka kaɗa ta yadda mai ita ya rubuta.

Saura babi na huɗu na simfoni ta tara, wanda labarinsa ya fi ban tausayi. Bruckner ya gama babi uku na farko a ƙarshen 1894, ya soma na ƙarshe a Mayun 1895, jikinsa ya riga ya yi rauni da ciwon zuciya. Da hawa bene ya gagare shi, Sarki Franz Joseph ya ba shi masauki a ƙasa a harabar fadar Belvedere. A nan ya ci gaba da aiki har kusan ranar rasuwarsa. Da ya ga alamar lokaci zai ƙure masa, ya ba da shawarar a rufe simfonin da wata waƙar yabo da ya riga ya tsara, mai suna Te Deum.

Bayan ya cika, ba a rufe ɗakinsa da wuri ba. Masu zuwa ta'aziyya da masu son abin tunawa suka ɗebi takardu, wasu kuma aka raba wa abokai da almajirai. Mai falle ɗaya yana ganin ya riƙe abin alfahari, bai san ya cire tubali daga tsakiyar gini ba. Shafukan suka watsu: mafi yawa a ɗakin karatu na ƙasa, wasu a wasu ma'adanai na Biyana, wasu a hannun mutane. Wasu daftarorin simfonin ma sun bi ta Berlin, yaƙin duniya na biyu ya kai su birnin Krakow na ƙasar Polan. Shekaru da dama aka yi ana cewa abin da tsohon ya bari na wannan babi tarkace ne kawai na mutumin da hankalinsa ya fara gushewa.

A nan ne ƙirgar da ake yi masa dariya a kanta ta yi rana. Bruckner yana rubutu ne a kan falle mai ninki biyu, wato shafi huɗu, kuma kowane falle yana da lambarsa. Galibi an riga an ja layin gaɓa 16 a kowanne. In bai gamsu da falle ba, sai ya sake sabo da lamba iri ɗaya, ya ajiye tsohon a gefe. Saboda haka da masana suka jera abin da ya rage, sun iya gane wane falle ne ya ɓata, gaɓa nawa ke cikinsa, kuma daga lambobin ƙasan shafi sun san a wane wuri na jimlar kiɗan giɓin ya faɗa. Sau da yawa tsohon fallen da ya yar ko wani daftarin farko ya nuna abin da ke cikin wanda ya salwanta. Sai ga shi babin ya yi nisa ƙwarai fiye da yadda ake zato, ƙarshensa ne kawai ya rage a 'yan zane-zane.

Alfred Orel ya fara buga daftarorin a 1934. A 1983 wasu Italiyawa biyu, Nicola Samale da Giuseppe Mazzuca, suka soma aikin haɗa babin, daga baya John Phillips da Benjamin-Gunnar Cohrs suka shigo. Kusan shekara talatin suna gyara, har Simon Rattle ya kaɗa sakamakon da makaɗan Berlin a 2012. Shi kuwa Nikolaus Harnoncourt wata hanya ya bi a Salzburg a 2002: ya kaɗa abin da ya tsira kawai, yana tsayawa yana yi wa jama'a bayanin inda takarda ta ɓata.

Kada mu ɗauka takardun sun kashe kowace gardama. Robert Haas, editan da ya jagoranci buga ayyukan bisa rubutun asali, shi ma a 1939 ya gauraya zubin 1887 da na 1890 na simfoni ta takwas, ya fitar da abin da Bruckner bai taɓa rubutawa a haka ba. Magajinsa Leopold Nowak ya raba su, ya buga kowanne daban. Haka kuma zubin 1888 na simfoni ta huɗu, wanda aka daɗe ana yi wa kallon aikin almajirai, an ga gyare-gyaren Bruckner da hannunsa a kwafin da aka kai maɗaba'a, har aka sake shigar da shi cikin jerin ayyukansa a 2004. Har gobe ana muhawara kan wane gyara ya yi don ya gamsu, wane kuma ya yi don a ƙyale shi ya huta. Amma ana muhawarar ne da hujja a kan tebur, kowa na iya zuwa ya duba.

Abin da ya shafe mu a nan a fili yake. Labarin da kake ba abokai a baki, kana cewa wata rana za ka rubuta, matsayinsa ɗaya da kiɗan ogan na Bruckner. Wanda ka rubuta kuma, sa masa kwanan wata, sa wa shafuka da babi lamba, ko a takarda ko a waya. In ka sake zubi, buɗe sabon fayil ka bar tsohon, domin ranar da wani da kake girmamawa ya kushe aikinka har ka rusa shi, mai yiwuwa bayan shekara biyar ka gane na farkon ya fi. In za ka ba edita ko mai buga littafi, riƙe kwafin da babu hannun kowa a ciki, kuma ka nemi ganin duk abin da aka sauya kafin ya fita da sunanka. Schalk da Löwe da kyakkyawar niyya suka yi abin da suka yi, kuma mai gyara maka rubutu da ƙauna ya fi wuyar ce wa a'a fiye da maƙiyi.

Na ƙarshe, tun kana da lafiya ka faɗi wanda zai riƙe takardunka da inda za a kai su, ka kuma tabbatar wani amintacce ya san yadda zai buɗe abin da ke cikin wayarka ko kwamfutarka. Wasiyyar Bruckner ta ceci ayyukan da ya kammala, amma wanda ke kan teburinsa ranar da ya rasu ya watse kafin a kai ga tattara shi. An binne shi a St. Florian, a ƙarƙashin ogan ɗin da ya koyi kiɗa a kansa, kuma har yau akwai fallayen simfoninsa ta tara da ake nema.