Deuteronilus Mensae

Deuteronilus Mensae wani yanki ne a arewacin duniyar Mirrihi, wadda aka fi sani da Mars. Faɗinsa ya haura kilomita 900, kuma yana wajen digiri 44 arewa da ikwaita, a kan iyakar da ta raba tsofaffin tuddan kudu da shimfiɗaɗɗiyar ƙasar arewa. Kalmar "mensae" a harshen Latin tana nufin tebura, saboda duwatsun wurin samansu a shimfiɗe yake, gefensu kuma a tsaye kamar bango.

Siffar yankin

Babu kumbon da ya taɓa sauka a wurin. Duk abin da aka sani game da shi ya fito ne daga kumbunan da ke kewaya Mirrihi. Hotunansu sun nuna duwatsu a warwatse kamar tsibirai, da faffaɗan kwaruruka a tsakaninsu. Tsayin wasu gangaren yakan kai kilomita 1 zuwa 2. A shekarar 1973 masanin ƙasa Robert Sharp ya bayyana irin wannan shimfiɗar, bayan ya yi nazarin hotunan kumbon Mariner 9, wanda ya fara kewaya Mirrihi a 1971.

Ƙanƙara

A gindin duwatsun akwai tarin ƙasa da tsakuwa da ya malalo ya bazu har tsawon kilomitoci, kamar an zuba kunu mai kauri. An daɗe ana muhawara a kan yawan ƙanƙarar da ke cikinsa. Kumbon Mars Reconnaissance Orbiter na hukumar NASA, wanda ya isa Mirrihi a 2006, yana ɗauke da na'urar rada mai suna SHARAD, wadda hukumar sararin samaniyar Italiya ta samar. Awon da ta yi ya nuna cewa mafi yawan tarin ƙanƙarar ruwa ce mai kaurin ɗaruruwan mitoci, wadda siririn mayafin ƙura da tsakuwa ya hana ta ƙafewa.

Masana na ganin ƙanƙarar ta taru ne a zamanin da karkatar Mirrihi ta fi ta yanzu, wato kusan digiri 25, lokacin da dusar ƙanƙara ke zuba nesa da ƙuryar arewa.

Muhimmanci

Ƙanƙarar tana adana tarihin sauyin yanayin Mirrihi. Haka kuma an sa yankin cikin wuraren da ake dubawa don saukar mutane nan gaba, tunda daga ƙanƙarar za a iya samun ruwan sha, iskar shaƙa da man roka.