Girgizar ƙasa: abin da ke haddasa ta da wuraren da ta fi aukuwa

A ranar 6 ga watan Fabrairun 2023, wata girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 7.8 ta auka wa kudancin Turkiyya da arewacin Siriya da asuba, lokacin da akasarin mutane ke barci. Mutane fiye da dubu 50 ne suka rasa rayukansu.

Wurin da abin ya faru bai ba masana kimiyyar ƙasa mamaki ba, domin yankin yana bisa wani dogon tsagi ne inda manyan sassa biyu na doron ƙasa ke gogar juna.

Farantan da ke ɗauke da nahiyoyi

Masana sun bayyana cewa ɓawon da ya lulluɓe duniya ba dunƙulalle ba ne. Ya rarrabu gida-gida, tamkar tukunyar da ta tsattsage amma ba ta wargaje ba. Waɗannan sassa, da ake kira farantai, su ne ke ɗauke da nahiyoyi da kuma tekuna.

Akwai manya guda bakwai, ciki har da na Afirka da na tekun Pasifik, sai kuma ƙanana da dama kamar na yankin Larabawa. Kaurinsu ya kai kimanin kilomita 100, kuma suna zaune ne kan duwatsu masu tsananin zafi waɗanda ke malala sannu a hankali. Hakan ya sa farantan ke tafiyar 'yan santimitoci a shekara, kwatankwacin saurin tsirowar farce.

Wani masani ɗan ƙasar Jamus, Alfred Wegener, shi ne ya yi fice wajen gabatar da ra'ayin cewa nahiyoyi na tafiya, a shekarar 1912. Ya yi nuni da yadda gaɓar yammacin Afirka ta dace da ta gabashin Kudancin Amurka, da kuma yadda aka tono burbushin halittu iri ɗaya a ɓangarorin biyu. Takwarorinsa sun yi watsi da batun, har sai a shekarun 1960, bayan binciken ƙarƙashin teku ya nuna cewa sabon dutse na ɓullowa a tsakiyar tekun Atlantika.

Haɗuwa iri uku

Akasarin girgizar ƙasa na aukuwa ne a bakin iyakokin farantan.

A wasu wuraren, farantai biyu na nesanta da juna. Haka Bahar Maliya ta samu, yayin da yankin Larabawa ke rabuwa da Afirka. A shekarar 2005, ƙasa ta tsage a yankin Afar na Habasha, tsagin da tsawonsa ya kai kimanin kilomita 60.

A wasu wuraren kuma karo suke yi. Tunkuɗar da farantin Indiya ke yi wa na Asiya ita ce ta tayar da tsaunukan Himalaya, ita ce kuma ta janyo girgizar ƙasar Kashmir ta 2005, wadda ta hallaka mutane fiye da dubu 70. Idan karon ya kasance a teku, wani faranti kan nutse ƙarƙashin ɗan'uwansa. Abin da ya faru ke nan kusa da tsibirin Sumatra na Indonesiya a ranar 26 ga Disambar 2004, inda girgiza mai maki 9.1 ta ɗaga ƙasan teku, ta haddasa igiyar ruwa ta tsunami da ta kashe mutane kimanin dubu 230, har a gaɓar Somaliya.

Nau'i na uku shi ne inda farantan ke gittawa gefe da gefe, kamar a Turkiyya da kuma jihar Kaliforniya ta Amurka.

A duk waɗannan wurare, duwatsun kan maƙale da juna na tsawon shekaru aru-aru, ƙarfi na ta taruwa, har ranar da za su kuɓuce farat ɗaya. Wannan kuɓucewa ita ce girgizar da ake ji.

Ma'auni da hasashe

Charles Richter ne ya ƙirƙiro sanannen ma'aunin girgizar ƙasa a 1935, ko da yake a yau masana na amfani da wani ingantaccen ma'auni ga manyan girgizoji. Ƙarin maki ɗaya na nufin ƙarfin ya ninka kusan sau 32. Mafi girma da na'urori suka taɓa aunawa ita ce ta ƙasar Chile a 1960, mai maki 9.5.

Masana na iya nuna yankunan da ke cikin haɗari, amma babu wata hanyar kimiyya da ke faɗin rana ko sa'ar da girgiza za ta zo. Abin da ƙasashe irin su Japan da Meziko suke da shi shi ne na'urorin gargaɗi da ke ba jama'a 'yan daƙiƙoƙi bayan girgizar ta riga ta fara.

Ingancin gine-gine

Yawan asarar rayuka bai dogara ga ƙarfin girgiza kaɗai ba. A watan Janairun 2010, girgiza mai maki 7.0 ta ragargaza Port-au-Prince, babban birnin Haiti, kuma hukumomin ƙasar suka ce mutane fiye da dubu 200 sun mutu. Makonni shida bayan haka, wata mai maki 8.8, wadda ta ninka ta Haiti ƙarfi kusan sau 500, ta auka wa Chile, inda mutane ɗari biyar da 'yan kai suka rasu.

Girgizar Haiti ta auku ne dab da birni mai cunkoso, sannan akasarin gidajen ba a gina su bisa wata ƙa'ida ba, alhali Chile na da tsauraran dokokin gini da ake aiki da su. A garin Bam na Iran ma, gidajen tubalin laka ne suka rufta kan jama'a a 2003, suka hallaka fiye da mutum dubu 26.

Yammacin Afirka

Nijeriya da Nijar na tsakiyar farantin Afirka, nesa da iyakokinsa, shi ya sa ba a cika samun babbar girgiza a yankin ba. Sai dai akwai tsoffin tsage-tsage a ƙarƙashin ƙasa. Kwarin Binuwai, alal misali, ya samo asali ne daga lokacin da Afirka ta rabu da Kudancin Amurka, fiye da shekaru miliyan 100 da suka gabata.

An ji motsin ƙasa a Ijebu-Ode a 1984, da Kwoi ta jihar Kaduna a 2016, da kuma unguwar Mpape a Abuja a 2018. A Ghana, girgizar da ta auka wa birnin Accra a 1939 ta yi sanadin mutuwar mutane 17. Waɗannan ba su kama ƙafar na Turkiyya ko Indonesiya ba, amma ko matsakaiciyar girgiza na iya yin mummunar ɓarna a biranen da ke bunƙasa cikin sauri, inda benaye kan rushe tun ba tare da ƙasa ta motsa ba.