Shekarun Sifinja: abin da murfin inji ke faɗa

Tun da aka fara noman inji a Gadambaliya, kusa da Gadarif, a tsakiyar shekarun 1940, dawa da riɗin wannan ƙasa suka buƙaci motar ɗauko su. Wadda ta fi daɗewa a wannan hidima ita ce Bedford TJ, wadda kamfanin Vauxhall na Ingila ya fito da ita a 1958, mutanen Sudan kuma suka raɗa mata suna Sifinja.

Yau mukan ji masu rabon gado da masu ciniki suna gardamar shekarunta, kowa yana nuna murfin kan inji. Lallai murfin yana da abin faɗa: siffarsa da inda ƙusoshinsa suke kan nuna dangin injin, kuma fulogi ko bututun mai da ke gefensa ya raba fetur da dizal. Sai dai makanikanmu sun sha musanya murfi, har ma da inji ɗungurungum. Don haka shaidarsa ita kaɗai ba ta yanke hukunci. Sai an haɗa da lambar jikin inji da ta shasi.

Mu rubuta waɗannan lambobi, mu tambayi tsofaffin direbobinmu tun suna raye, domin abin da takarda ta rasa yana bakinsu.