Daga Nikiya zuwa Wusasa

Shaidar bangaskiyar da ake karantawa a cocin St. Bartholomew na Wusasa, kusa da Zariya, ta samo asali daga taron Nikiya na 325. Masu suka kan ce Sarki Kwastantin ne ya ƙaƙaba wa Kiristoci aƙidar Triniti a can. Tarihi bai goyi bayansu ba. Tun wajen shekara ta 200 Tartuliyan na Kartaj yake kare ta, yana kafa hujja da wahayin Littafi Mai Tsarki. Ɗan sarkin ma, Kwastantiyus, ɓangaren Ariyus mai adawa da aƙidar ya bi, har ya kori Atanasiyus, mai kare ta, daga Iskandariya, amma wani taro a shekara ta 381 ya sake tabbatar da aƙidar.